Jakin Mai Igiya

Mu biyu ne guragu a unguwarmu ta bayan kasuwa a cikin Birnin Gwari, ni da wani sa'ana da ake ce wa mai igiya saboda sana'arsa. Damina ɗaya ciwon shan inna ya kama mu muna ƙanana, ya bar mu da ƙafafu kamar tsumma. Ni ban ma tuna lokacin da na taɓa tsayuwa ba. Shi yakan ce yana tunawa, wai ya taɓa bin akuya da gudu har bakin rijiya, amma ban taɓa yarda ba.

Da rarrafe muka girma. Masassaƙin unguwa ya sassaƙa mana guntayen icce masu mariƙi da muke dafawa a ƙasa don kada tsakuwa ta cinye mana tafin hannu. Ni kuma da na koyi dukanci sai na ɗinka mana fata mai kauri ta ɗaurawa a gwiwa. Kowace safiya yakan zo ƙofar zaurenmu ya buga iccensa a ƙasa, in fito, mu kama hanyar kasuwa a jere. Tafiyar da mai ƙafa zai yi kafin tuwonsa ya huce, mu sai hantsi ya ɗaga muke isa. Rumfa ɗaya muke zama. Yana tufka igiyar rama, ina ɗinkin takalma da kube da layu.

Iyakar duniyarmu ke nan: gida, kasuwa, masallacin unguwa. Dajin da ke bayan ganuwa sai dai mu ji labarinsa a bakin masu itace da mafarauta. Ubana ya rasu tun ina yaro, mahaifiyata ta sake aure a Kazage, ni kuma na zauna a gidan yayana. Takan zo ganina sau ɗaya a shekara bayan an gama kaka. Ni ban taɓa zuwa inda take ba.

A raina ina ganin na fi mai igiya. Na yi karatun allo na sauke, shi bai wuce ƙananan surori ba. Sana'ata ta fi tasa daraja. In an zo neman shawara rumfarmu, ni ake fuskanta. Ban taɓa faɗa masa haka ba, kuma ina tsammanin shi ma ya yarda da hakan bai damu ba.

Muna wajen shekara talatin sai yayarsa mace ta auri wani bafatake mai zuwa sayen goro Gwanja. Da mutumin ya dawo daga tafiya, ya ga ƙanin matarsa yana rarrafe da damin rama ɗaure a bayansa. Kwana biyu bayan nan sai ga shi a rumfarmu yana jaye da jaki fari-fari mai yankakken kunne.

"Malam baduku, aiki na kawo maka," ya ce. "Akumarin kaya ba zai riƙe mutumin nan ba, don ƙafafunsa ba sa matse cikin dabba. Ina so ka ɗinka masa mazauni mai jingina a baya, da abin ɗaure ƙugu, da inda zai zura ƙafa kada ta riƙa lilo."

Na dubi mai igiya. Ya sunkuyar da kai yana murmushi, yana ta murza igiyar da ya riga ya gama murzawa.

"Jakin na wane ne?" na tambaya, ko da yake na gane.

"Nasa ne. Ya fara tsufa da doguwar hanya, amma ba ya harbi, ba ya zabura. Zai kai shi duk inda yake so."

Na ce Allah ya saka da alheri, kamar yadda kowa a wurin ya ce. Bakina ne ya faɗa. Abin da ke raina a lokacin shi ne jakuna uku da ke ɗaure a gidanmu, na Yaya, waɗanda ke ɗaukar dawa da taki da itace, kuma tunda nake ba wanda ya taɓa duban ɗayansu ya dube ni.

Kwana tara na yi a kan aikin. Da guntun igiyarsa na auna ƙugunsa da tsawon cinyarsa. Masassaƙi ya yi mini ƙashin mazaunin da icce mara nauyi, na lulluɓe shi da kirgi, na cusa audugar rimi, na sa jar fatar akuya a sama. Na yi majayi biyu na ɗaure shi a cikin jaki maimakon ɗaya, na gaba da na baya, don kada abin ya juya da shi a gangare. Ranar da nake ɗinkin majayin gaba, ina riƙe da basilla, sai wani tunani ya zo mini. In na tsallake ɗinki uku a ciki, ba mai gani. Zai yi wata ɗaya ko biyu, ya tsinke wata rana a tsakiyar kasuwa, mai igiya ya faɗo gaban mutane, ya dawo ƙasa inda nake. Na daɗe da basillar a hannu. Ban yi ba. Da zan ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni da na yi ƙarya. Abin da ya fi ƙarfi shi ne kada a ce aikin hannuna ne ya tsinke. Sai ma na ninka ɗinkin.

Ranar da ya fara hawa, rabin unguwa ta fito. Ya hau dakalin ƙofar gidansu, aka matso da jakin, ya kama gaban mazaunin ya ja jikinsa sama da ƙarfin hannu, ya ɗauki ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ya zura, ya ɗaure ƙugu. Jakin ya yi taku biyu, mai igiya ya ƙanƙame wuyansa, mata suka yi ta dariya. Kafin su kai bakin lungu ya miƙe zaune. Aka yi ta yabon jaki, aka yi ta sa wa bafatake albarka. Mutum ɗaya ne ya taɓa mazaunin ya tambayi wanda ya ɗinka, shi ma bai tsaya jin amsa ba.

Kashegari ya zo ƙofar zaurenmu kamar kullum. Amma maimakon bugun icce, sallama na ji daga sama. Na fito na ɗaga kai. Tunda muke ban taɓa ɗaga kai don in dube shi ba.

"Mu tafi, baduku. Kawo jakar kayanka in rataya maka."

Na miƙa masa. Muka kama hanya, yana ta jan ragama don jakin ya daidaita da rarrafena. Jakin yakan yi taku uku ya tsaya, ya waiwayo ya dube ni, ya tsinki ciyawa. Mutane suna wucewa suna gaishe shi fuska da fuska, sannan su sunkuyo su neme ni a gefen kofato. Kwana huɗu na jure. A na biyar na ce masa ya riƙa yin gaba.

"Ai ba sauri nake ba," ya ce.

"Ni ne ba na son ƙurar jakinka a bakina."

Ya dube ni, ya saki ragama, ya tafi. Daga ranar nakan iske shi ya riga ya share rumfa ya shimfiɗa mini buzuna. Wannan ma haushi yake ba ni.

Da yamma wata rana na sami Yaya yana ba jakunansa harawa, na yi masa maganar. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan turmi ya yi mini bayani a hankali: ɗaya na taki, biyu na hanyar Zazzau, gida mai baki goma sha, in aka cire ɗaya za a ji a tukunya. Ya ce in bari a ga kaka mai zuwa. Gaskiya ya faɗa, kuma shi ke ciyar da ni tun ina yaro. Amma na koma ɗaki ina tunanin cewa bare ne, mijin 'yar'uwa, ya ga mai igiya sau ɗaya ya yi abin da jinina bai yi ba cikin shekara talatin. Kaka ta zo ta wuce, ban sake tayar da zancen ba, shi ma bai tayar ba.

Mai igiya kuwa ya fara fita gari. Da farko rugar Fulanin da ke kusa da ganuwa, inda ake son igiyar ɗaure maruƙa. Daga nan ya fara bin masu cin kasuwar Gayam, sannan Kazage. Yakan yi kwana biyu ko uku ba ya nan, in zauna ni kaɗai a rumfa, duk wanda ya zo sai ya tambaye ni ina abokina ya nufa yau. In ya dawo sai ya zo da tsaraba, wani lokaci zuma a ɗan kasko, wani lokaci kanya ko ɗinya, ya ajiye a gabana, ya fara labari. Ya ga garken gwanki sun tsallake hanya. Ya ga birai sun cika dutse ɗaya. Ya ga inda maƙera ke narka tama a cikin daji, wuta tana fita ta saman murhu fiye da tsawon mutum. Har Gwaranci ya fara ji, yana gaisa da matan da ke kawo doya da tukwane a kafaɗa, suna dariya suna amsa masa.

Mutanen da a da suke zuwa rumfarmu su fuskance ni, yanzu shi suke kewayewa. Nakan ci gaba da ɗinki kamar ba na ji, alhali ba kalmar da ke wuce ni. In ya tafi salla sai in ɗanɗana zumar, in ya dawo in ce ba na shan zaƙi.

A rani na biyu ya dawo daga Gayam da wani labari daban. Ya jira kowa ya watse sannan ya matso.

"Akwai wata bazawara a can. Mai sayar da daddawa ce. Kullum ita ke riƙe mini jaki in zan sauka. Na yi wa wanta magana, bai ƙi ba."

"Ta ga yadda kake tafiya in ka sauka?"

"Ta gani tun ranar farko."

"To, madalla."

"Ina so kai ka ɗinka mata takalman aure."

Na ɗinka. Sun yi kyau, don ban iya mummunan aiki ba ko ina so. Ni a lokacin sau biyu ana nema mini aure a cikin gari ana ba da haƙuri. Na gaya wa kaina cewa jakin ta aura, ba shi ba. Da na bar maganar a raina da ya fi. Amma bayan biki da 'yan kwanaki, rumfa cike da mutane, wani mahauci yana tsokanarsa yana cewa ya zama matafiyi ya fi fatake, sai na ji bakina ya ce, "Matafiyin jakin ne. A sauke shi a ga inda zai kai, ko amaryar ma ta tsaya."

Wasu suka yi dariya kaɗan. Mai igiya bai ɗago ba. Ya ƙarasa igiyar da ke hannunsa, ya naɗe, ya rarrafa zuwa kututturen da yake hawa jaki a kai, ya tafi gida tun kafin la'asar. Bayan kwana biyu ya koma zama gindin tsamiyar da ke ɗaya gefen kasuwa, wai ya fi kusa da masu shanu. In mun haɗu mukan gaisa. Tsarabar ba ta daina zuwa ba, sai dai yanzu matarsa ke kawowa ta ajiye ta wuce.

Haka muka yi wata bakwai. Ana tsakiyar damina sai wata mai tallan man kaɗanya daga Kazage ta tsaya a rumfata ta ce an aiko ta. Mahaifiyata tana kwance tun farkon shuka, ciki ya kumbura, ba ta iya tashi, kuma tana ta kiran autanta. Yaya yana Zazzau da jakuna biyu, na ukun kuma yana fama da gyambo a baya. Na san abin da ya rage: jakin mai igiya. Na kwana biyu ina juya shi, ina cewa ko Yaya zai dawo, ko a sami ƙarti su ɗauke ni a kan makara kamar gawa. Komai na yarda da shi ban da in rarrafa zuwa gindin tsamiya.

A rana ta uku da hantsi na ji bugun icce a ƙofar zaure. Na fito na sami mai igiya a ƙasa, da tsofaffin fatun gwiwar da na ɗinka masa, taɓo har gwiwar hannu. Matarsa na tsaye a baya riƙe da ragamar jakin.

"Na ji labarin Iya," ya ce. "Masu tukwane za su koma Kazage yau in sun gama ciniki. Na yi magana da babbansu, ya san jakin, zai taimake ka a rafi. Hau in nuna maka."

"Kai fa? Gobe kasuwar Gayam."

"Gayam ba za ta gudu ba. Hau."

Na so in ce wani abu game da ranar nan ta rumfa. Bai ba ni dama ba, ya shiga bayani. In zan tsayar da jakin kada in ja ragama da ƙarfi, in dafa wuyansa kawai. Yana tsoron ruwa mai gudu, sai a rufe masa ido da zane. In ya kafe kada in doke shi, in jira. A shafa masa man da ke cikin ƙahon nan a wuya da ciki saboda ƙudan tsando. Matarsa ta ɗaura mini ƙullin dambu a gefen mazauni, ba ta ce mini komai ba ban da Allah ya kiyaye hanya.

Ban san yadda zan kwatanta fitata daga ƙofar gari ba. Na saba ganin duniya daga tsayin gwiwar mutane: ƙafafu, bakin zane, gindin bango. Ranar na ga saman danga, na ga abin da ake shanyawa a kan rufin ɗaki, na ga gonar dawa daga sama tana kaɗawa har iyakar ido. Kaina ya riƙa juyawa. Da muka shiga dajin doka, inuwa ta rufe mu, ƙanshin ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye ya cika mini hanci, sai na ji hawaye yana zubo mini ba dalili. Masu tukwanen, maza uku da mata biyar, Gwari duka, suna gaba da sauran kayansu a kafaɗa, ba wanda ya waiwayo.

Amma ko a can hassadar ba ta bar ni ba. Hanyar duk tasa ce. Jakin da kansa yake ratsewa ya tsaya a gefen wani faɗaɗɗen icce, sai babban masu tukwane ya ce da guntuwar Hausarsa, nan mai igiya yake sauka ya yi salla. Gaba kaɗan akwai suri da aka sassare gefensa aka yi matakala, ya ce su suka sare masa. A wata ruga wata dattijuwar Bafulatana ta fito da ƙwaryar nono tun daga nesa da ta hango yankakken kunnen, da ta ga baƙuwar fuska sai ta tsaya.

"Ina mai jakin? Lafiya yake?"

Na ce lafiya lau, aro ya ba ni.

"To sha, tunda kai nasa ne."

Na sha nonon da aka ɗebo dominsa. Duk inda muka wuce haka: ina mai jakin, a gaishe shi, a ce masa igiyar nan ta yi ƙarko. Ni da na sauke Alƙur'ani, a wannan daji ba ni da wani suna sai mutumin mai igiya.

Wani abu kuma na gano a jikina. Kafin azahar ƙuguna na hagu ya fara zafi, kafin mu kai rafi ya sale. Akwai wata gaɓa ta iccen mazaunin da ban cusa wa auduga sosai ba, tana cizon ƙashi a kowane taku. Shekara biyu da rabi yana zama a kai, bai taɓa faɗa mini ba. Na rasa ko kara ce ya yi mini, ko kuwa ya ga ba zan iya jin an ce aikina da gyara ba.

Rafin ya kawo ruwa har ƙirjin mutum. Babban masu tukwane ya kwance ni ya saɓa ni a kafaɗa kamar buhun doya ya ƙetare da ni, sannan suka rufe wa jakin ido suka ja shi. Muka shiga Kazage rana tana gab da faɗuwa.

Na sami Iya da rai. Ta rame har na kusa kasa gane ta, amma hankalinta na nan. Na rarrafa zuwa bakin gadon kara, ta laluba kaina da fuskata.

"Auta, kai ne? Wa ya kawo ka?"

"Jaki na hawo, Iya."

"Na yayanka?"

"A'a. Na mai igiya."

Ta ja numfashi. Sai ta ce ai duk zuwansa Kazage sai ya biyo ya gaishe ta, ya ba ta labarina, ya ce sana'ata ta fi ta kowane baduku a birni, ya ce ina gaishe ta. Ban taɓa ba shi saƙon gaisuwa ba, ko sau ɗaya. Ta ɗaga hannu ta shiga sa masa albarka, doguwa, ta haɗa da matarsa da zuriyar da bai haifa ba. Ina durƙushe ina cewa amin, ina jira ta juyo kaina. Ta juyo, ta sa mini nawa, amma a lokacin ta gaji, gajeriya ce. Uwata tana bakin mutuwa, ni kuwa ina auna tsawon addu'a. Na san abin kunya ne, amma haka aka yi.

"In ka koma ka faɗa masa na sa masa albarka," ta ce. "Kada ka manta."

Kwana shida na yi a gefenta, ina ba ta kunu da ludayi, ina karanta mata abin da ya sawwaƙa. Ta rasu ranar Laraba da hantsi. Na zauna har sadakar bakwai, ruwa kuma ya hana ƙetare rafi na wasu kwanaki. Da na dawo Birnin Gwari na yi kwana ashirin da wani abu da jakin mutum. Da muka hango ganuwa na dafa wuyan jakin ya tsaya. Na bar abokan tafiya suka shige, na zauna a sama ina kallon gonaki har inuwa ta yi tsawo. Ba na son in sauka.

Na sami mai igiya a ƙofar gidansu, gwiwoyinsa sun farfashe, don fatar wurin ta yi laushi da daɗewa bai rarrafa ba. Ya yi mini ta'aziyya. Ya shafa jakin tun daga kunne har wutsiya yana duba cizon tsando. Na ce ya bar mini mazaunin kwana biyu akwai abin da zan gyara.

"Ka ji shi ke nan," ya ce, ya yi 'yar dariya.

Na farke gefen hagu na sake cusawa. Bayan mako ɗaya ya dawo da turken tufkarsa da ramarsa rumfarmu, ba wanda ya yi maganar dalili. Amma saƙon Iya ban isar ba. Kullum sai in ce gobe. Abin da nake ji shi ne ya samu jaki, ya samu mata, ya samu hanya da mutanenta, wannan ɗaya dai bari ya zauna a wurina. Na riƙe shi damina ta wuce, rani ya wuce.

Da bazara matarsa ta haifi 'ya mace. Ranar suna, bayan an watse, muna zaune mu biyu a zaurensu da ƙwaryar fura a tsakani, na ce masa akwai amanar da na danne. Na faɗa masa abin da Iya ta ce, kalma da kalma, har da zuriyar da ta ambata.

Ya daɗe yana juya ludayi a cikin furar.

"Matan Kazage sun gaya wa mai ɗakina tun a lokacin," ya ce. "Suna bakin ƙofa sa'ad da take yi."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Kai aka ba saƙo."

Ya miƙo mini ludayin. Na karɓa na sha.

Jakin ya ƙara shekara uku, sannan ciwon sammore ya kama shi bayan wata tafiya Gayam, ya rame ya mutu. Kafin nan mai igiya ya tara abin da ya sayi wani da kansa. Ni ma daga baya na samu nawa, wani bafatake ya ba ni a madadin aikin taiki da mangalar ɗaukar kaya da na yi wa ayarinsa. Na ɗinka wa kaina mazauni wanda ya fi nasa. Na je Gayam sau biyu, na je kabarin Iya sau ɗaya, daga nan sai ya zama iyakata kasuwa da masallacin Juma'a. Daji bai karɓe ni kamar yadda ya karɓe shi ba, ban iya zama da baƙi in yi ta hira ba. Shi kuwa ya ci gaba da yawonsa har gemunsa ya yi fari, kuma duk ranar da ya dawo ya fara labari mutane suka kewaye shi, nakan ji abin nan ya motsa mini a ƙirji, sai dai ya rage ƙarfi. 'Yarsa da ta girma ni ta riƙa kira Baba ƙarami, kuma a wurina ta koyi karatu.